Tazarar Baki da Kunne: Tarihin Neman Jin Magana Cikin Hayaniya

Koken da masu sanya na'urar ƙara ji suka fi kai wa likitocin kunne bai sauya ba tun daga ranar da aka fara sayar da na'urar: suna jin ana magana, amma da zarar jama'a sun yi yawa ba sa gane abin da ake cewa. A ɗaki shiru, mutum biyu suna fuskantar juna, na'urar tana cika alkawarinta. A wurin walima, ko a aji, ko a tashar mota, sai maganar ta narke cikin sauran ƙara, mai na'urar ya koma gyaɗa kai yana murmushi alhali zancen ya wuce shi. Fiye da shekara ɗari ke nan injiniyoyi suna fama da wannan matsala, kuma kusan kowane zamani ya ɗauka maganinta yana cikin ɗan akwatin da ke maƙale a kunne, wato a ƙara masa ƙarfi, a rage masa girma, a ƙara masa wayo. Ni kuwa abin da nake gani a tarihin shi ne, duk wani babban ci gaba da aka samu wajen jin magana cikin hayaniya ya zo ne daga rage tazarar da ke tsakanin bakin mai magana da kunnen mai sauraro, ko kuma daga gyara ɗakin da ake maganar a ciki. Dukkansu biyun kuwa ba aikin mai raunin ji ba ne shi kaɗai, suna buƙatar hannun mai magana da na mai gini.

Mutanen zamanin ƙaho sun san wannan ba tare da wani lissafi ba. A shekarar 1800 Frederick Rein ya buɗe shago a Landan yana ƙera ƙahonin kunne, kuma daga cikin hajarsa akwai wani dogon bututu mai lanƙwasuwa: baki ɗaya a kunnen mai sauraro, ɗaya bakin mai faɗi a hannun mai magana. Muryar ba ta bi ta cikin ɗaki balle ta gauraya da ƙarar cokula da dariyar baƙi, tana tafiya ne kai tsaye cikin bututun. Kamfanin ne kuma ya ƙera wa Sarkin Fotugal João na Shida wata kujerar mulki a 1819, wadda hannuwanta biyu suka ƙare da kawunan zaki masu buɗaɗɗen baki. Mai son ganawa da sarki sai ya durƙusa ya yi magana a bakin zakin, sautin ya bi ta cikin kujerar ya fito ta wani siririn bututu da sarkin ke riƙe a kunne. An yi kujerar ne domin a ɓoye raunin sarki, amma abin da ya sa take aiki shi ne ta tilasta wa mai magana ya matso. Marubuciyar Ingila Harriet Martineau, wadda ta fara rasa jinta tun tana yarinya, ta wallafa wasiƙa zuwa ga kurame 'yan'uwanta a 1834 tana kiran su da su daina jin kunyar riƙe ƙaho a bainar jama'a. Ta fahimci cewa ƙahon yana da amfani biyu: yana tattara sauti, yana kuma sanar da mutane cewa sai sun juyo sun yi magana a inda ya dace.

Lantarki ya shigo ta ƙofar wayar tarho. Bayan Alexander Graham Bell, wanda mahaifiyarsa da matarsa duka kurame ne, ya yi rajistar tarho a 1876, ba a daɗe ba aka gane cewa makirufo mai ƙwayoyin gawayi da batir za su iya ƙara wa murya ƙarfi. Miller Reese Hutchison ya fito da na'urarsa ta farko a 1898, sannan ya inganta ta zuwa Acousticon, wadda Sarauniya Alexandra ta Ingila ta yi amfani da ita a 1902. Abin lura shi ne, tun a shekarun farko an riƙa kafa irin wannan na'ura a coci-coci da gidajen wasan kwaikwayo: makirufo a gaban mai wa'azi, wayoyi su bi ƙarƙashin daɓe zuwa wasu kujeru, mai raunin ji ya zauna ya ɗauki abin kunne. Wato dai bututun Rein ne aka mayar na waya. Daga nan sai tseren rage girma ya kankama. Na'urar Vactuphone ta 1921 akwati ce mai nauyin kimanin kilo uku. Zuwa shekarun 1940 ta koma abin sawa a aljihun gaba. An ƙirƙiro tiransista a 1947, kuma a ƙarshen 1952 kamfanin Sonotone ya sa ta a na'urar ƙara ji, kafin ma ta shiga rediyon hannu. Cikin 'yan shekaru na'urar ta hau bayan kunne, daga baya ta shige cikin ramin kunnen. Kowane mataki nasara ce ta gaske, domin babu mai son yawo da akwati. Sai dai an biya wani farashi da tallace-tallace ba su ambata ba. Mai akwati yana iya tura shi tsakiyar tebur, ko ya miƙa makirufon kusa da bakin abokin hirarsa. Da makirufo ya koma kan kunnen mai sauraro, ya koma wuri mafi nisa daga bakin mai magana, kuma ya zauna a tsakiyar hayaniyar.

Me ya hana ƙarin ƙarfi ya cike wannan giɓi? Amsar tana cikin yadda kunne yake lalacewa. A can cikin kunne akwai wata 'yar gaɓa mai siffar katantanwa, cike da ruwa, da dubban ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi jere a cikinta. Kowane sashe na jerin yana amsa wani irin sauti, masu kaifi a bakin katantanwar, masu kauri a can ƙuryarta. Idan tsufa, ko ƙarar injin, ko cuta, ko wasu magunguna suka kashe waɗannan ƙwayoyi, abu biyu ne ke faruwa. Sauti yana raguwa, wannan kowa ya sani. Amma kuma kunnen yana rasa iya bambance sautukan da ke maƙwabtaka da juna, sai su shafi juna su dagule. Masanin ƙasar Holan Reinier Plomp ya fayyace wannan a wata maƙala ta 1978, inda ya raba raunin ji gida biyu, raguwa da gurɓata, ya nuna cewa na'urar ƙara ji tana maganin na farko ne kawai. Idan shinkafa ta gauraye da tsakuwa, ƙara mudu ba ya tsince ta, ana dai ƙara shinkafar da tsakuwar ne tare. Abin da ke yanke hukunci a cikin hayaniya shi ne da nawa murya ta ɗara sauran ƙara, kuma na'urar da ke ɗaga komai baki ɗaya ba ta taɓa wannan bambanci ko kaɗan. Mai lafiyayyen kunne yana iya bin zance ko da hayaniyar ta ɗan fi muryar ƙarfi. Mai raunin ji yana buƙatar muryar ta fi hayaniyar da desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) masu yawa, ga shi kuma ƙarar da ta yi yawa tana yi masa zafi a kunne da wuri fiye da sauran mutane, don haka ko ƙarin ƙarfin ma yana da iyaka.

Shekara ashirin da biyar kafin Plomp, wani injiniyan Ingila mai suna Colin Cherry ya yi gwaje-gwajen da suka bayyana yadda lafiyayyen kunne ke tsinto murya ɗaya a cikin taro. A 1953 ya naɗi saƙo biyu da muryar mutum ɗaya, ya haɗe su, ya kunna wa mutane a kunnuwa biyu. Raba su ya zama jan aiki, sai an maimaita faifan sau da yawa. Da ya aika saƙo ɗaya kunnen dama, ɗaya kunnen hagu, sai aikin ya zo da sauƙi, har ma masu sauraro ba su lura ba da aka sauya harshen saƙon da ba sa bi daga Turanci zuwa Jamusanci, ko da yake sun lura da aka sauya muryar namiji da ta mace. Wannan ya nuna ƙwaƙwalwa tana jingina ne da inda murya ta fito da kuma kaifinta ko kaurinta, waɗanda alamomi ne da raunin ji ke dusashewa. A 1954 kuma masu bincike Sumby da Pollack suka auna abin da kurame suka daɗe da sani, cewa ganin leɓen mai magana yana ƙara fahimta, kuma amfaninsa yana ƙaruwa gwargwadon yadda hayaniya ta ƙaru. Tun 1911 ma likitan Faransa Étienne Lombard ya bayyana cewa mutum yana ɗaga murya ba da saninsa ba idan ya ji ƙara a kewayensa. Saboda haka ne ɗakin taro yake ƙara rincaɓewa da kansa: wannan ya ɗaga murya don ya rinjayi wancan, wancan ma ya ɗaga tasa. Babu ko ɗaya cikin waɗannan binciken da ya dogara da ingancin na'ura. Haske a fuskar mai magana, wurin zama, da yawan masu magana a lokaci guda, duk abubuwa ne da mutanen ɗakin ke riƙe da su.

Lissafin tazara shi ne ya fi komai tsauri a wannan batu. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka biyu, ƙarfin murya yana faɗuwa da desibel 6. Muryar da aka auna a mita ɗaya daga baki ta yi asarar desibel 18 kafin ta kai mita takwas, alhali hayaniyar ɗaki tana nan yadda take a ko'ina. A cikin gini kuma akwai ƙarin abokin gaba, wato amsa-kuwwa, domin wasulla masu ƙarfi suna daɗewa suna kai-komo tsakanin bango da bango suna rufe baƙaƙe masu rauni da suka biyo bayansu, waɗanda su ne ke bambanta kalma da kalma. Wanda ya fara auna wannan shi ne Wallace Sabine, matashin malamin kimiyya a jami'ar Harvard. A 1895 aka ɗora masa gyaran zauren lacca na gidan tarihin Fogg, inda kalma kan yi sama da daƙiƙa biyar tana yawo kafin ta mutu, har ɗalibai ba sa gane malami. Sabine da mataimakansa sun riƙa aiki cikin dare, lokacin da gari ya yi tsit, suna kwaso matasan kujeru daga gidan wasan Sanders da ke kusa suna jerawa a zauren, ya busa bututun kayan kiɗan coci ya riƙe agogo yana ƙirga lokacin da sautin zai ɓace, kafin gari ya waye su mayar da matasan. Daga wannan wahala ya fitar da ƙa'idar da ta haɗa girman ɗaki, yawan abin da ke shanye sauti, da tsawon amsa-kuwwa, wadda aka yi aiki da ita wajen gina zauren kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900. Wato tun kafin a sayar da Acousticon an riga an san yadda ake sa ɗaki ya saki magana. Abin takaici shi ne sai a 2002 Amurka ta fitar da mizanin ƙasa na sautin ajujuwa, wanda ya ce ƙarar aji marar kowa kada ta wuce desibel 35, amsa-kuwwa kuma kada ta wuce kashi shida cikin goma na daƙiƙa a aji matsakaici.

Hanyar da ta dawo da makirufo bakin mai magana ba tare da ɗaure mai sauraro da waya ba ta samu ne a 1937, lokacin da Joseph Poliakoff, injiniya ɗan asalin Rasha da ya zauna a Landan, ya yi rajistar wata dabara mai sauƙi. Ana kewaye ɗaki da zoben waya guda, a tura mata muryar da makirufo ya ɗauka, sai ta haifar da ƙarfin maganaɗisu mai kaɗawa daidai da muryar. Ɗan ƙaramin naɗin waya a cikin na'urar kunne ya kama wannan kaɗawa ya mayar da ita sauti. A 1947 Samuel Lybarger a Amurka ya sa irin wannan naɗi a na'urar ƙara ji domin sauraron tarho. Mai na'ura ya danna maɓalli kawai, makirufon kunnensa ya yi shiru, muryar mai jawabi ta shigo masa kamar daga taku ɗaya, duk nisan kujerarsa. A ƙarshen shekarun 1960 aka fara amfani da rediyon FM a makarantun kurame, malami ya rataya makirufo a wuya, yara su kama. Sai dai tarihin wannan fasaha ya nuna rauninta: ba ta aiki sai wani ya yarda ya girka ta ya kuma kula da ita. A shekarun 1970 kamfanonin tarho a Amurka suka fara sauya kan waya da wani sabon samfuri da ba ya fitar da isasshen maganaɗisu, sai dubban masu na'ura suka wayi gari tarho ya daina yi musu magana. Sai da suka yi gwagwarmaya ta shekaru kafin majalisa ta yi dokar 1988 da ta wajabta wa masu ƙera tarho su dace da na'urar ƙara ji. A Birtaniya da ƙasashen Sikandinebiya, inda hukumomin lafiya ke raba na'urori masu wannan naɗi kuma doka ta matsa wa masu gine-gine, zoben waya ya bazu a coci, banki, tashar jirgi da tasin Landan. A Amurka, inda aka bar abin ga kasuwa, ya yi ta jan ƙafa. Kimiyyar iri ɗaya ce a ɓangarorin tekun biyu, bambancin ya zo ne daga doka da al'ada.

Dashen cikin kunne shi ne gwaji mafi tsanani ga wannan ra'ayi, domin shi ne abin al'ajabin da ya fi kowanne a fagen. A Faris, a 1957, André Djourno da likitan tiyata Charles Eyriès suka dasa waya a jijiyar jin wani majiyyaci da ya kurmance, ya ji wasu sautuka. Labarin ya kai ga William House a Los Anjalas, wanda ya yi dashensa na farko a 1961, ya kuma sha suka daga manyan masana da ke ganin ba zai yiwu 'yar waya ta maye gurbin dubban ƙwayoyin ji ba. A Viyana, Ingeborg da Erwin Hochmair suka yi dashe mai layuka da yawa a 1977. A Melbourne ta Ostareliya, Graeme Clark, wanda kurmancin mahaifinsa ne ya sa shi wannan hanya, ya yi nasa a 1978. Tsarin shi ne a zura wani siririn zare mai ɗigo-ɗigon ƙarfe cikin katantanwar kunne, kowane ɗigo yana zungurar wani sashe na jijiya da lantarki, na'urar waje kuma tana rarraba sauti gida-gida tana aika kowane gida zuwa ɗigonsa. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga manya a tsakiyar shekarun 1980, ga yara kuma a 1990. A 1991 Blake Wilson da abokan aikinsa suka wallafa wata hanya ta kunna ɗigon ɗaya bayan ɗaya cikin sauri maimakon a lokaci guda, wadda ta ɗaga fahimtar magana sosai. Mutanen da ba sa jin ko tsawa suka koma hira a tarho. A 2013 aka ba Clark, Ingeborg Hochmair da Wilson lambar yabo ta Lasker, kuma sun cancanta.

Amma da aka fita daga ɗakin gwaji aka shiga ɗakin cin abinci, sai tsohon koken ya dawo, har ya fi na masu na'urar ƙara ji tsanani. Lafiyayyen kunne yana da ƙwayoyin ji na ciki kimanin 3,500. Dashe yana da ɗigo 12 zuwa 22, kuma da yake suna cikin ruwa mai ɗaukar lantarki, abin da ɗaya ya aika yana malala zuwa yankin maƙwabcinsa. Robert Shannon ya nuna a 1995 cewa a wuri shiru gida huɗu kacal sun isa mutum ya gane jimloli, domin ƙwaƙwalwa gwana ce wajen cike gurbi. A 2001 shi da abokan aikinsa suka nuna ɗaya gefen: cikin hayaniya masu lafiyayyen kunne suna ci gaba da amfana idan aka ƙara gidaje har zuwa ashirin, masu dashe kuwa ribarsu tana tsayawa a wajen bakwai ko takwas komai yawan ɗigon da aka dasa musu. Abin da dashe ya fi gazawa wajen isarwa shi ne hawa da saukar murya, wanda shi ne igiyar da Cherry ya nuna ƙwaƙwalwa na riƙewa don bin mutum ɗaya a cikin taro. Wannan ya fi shafar masu harsunan da karin sauti ke sauya ma'anar kalma, kamar Sinanci, inda aka yi bincike mai yawa a kai, da kuma Hausa. Saboda haka yaron da aka kashe wa maƙudan kuɗi aka yi masa dashe, in aka zaunar da shi a bayan aji mai amsa-kuwwa, an zubar da rabin amfanin tiyatar. Ba mamaki da cibiyoyin dashe suke haɗa wa yaran makaranta da makirufon malami.

Za a ce na rage wa injiniyoyin na'urar kunne hakkinsu, kuma akwai gaskiya a ciki. Tun farkon shekarun 1970 akwai makirufo mai fifita sautin gaba a kan na baya, a 1996 kuma kamfanonin Widex da Oticon na Denmak suka fito da na'urori masu aiki da lissafin kwamfuta gaba ɗaya. Makirufo mai fuskantar gaba yana ba da ribar 'yan desibel, abin da bai cika wuce biyar ba, kuma ba abin rainawa ba ne, domin a kan gaɓar ganewa da rashin ganewa desibel ɗaya na iya ƙara kusan kashi 10 cikin 100 na jimlolin da ake fahimta. Sai dai ribar tana samuwa ne idan mai magana yana gaba kuma yana kusa, hayaniyar tana baya, ɗakin kuma ba mai amsa-kuwwa ba ne. Da nisa ya wuce 'yan taku sai ta zagwanye. Su kuwa dabarun rage ƙara na farko, gwaje-gwaje sun yi ta nuna cewa suna sa sauraro ya rage gajiyarwa amma ba sa ƙara yawan kalmomin da ake ganewa, domin abin da ke damun mutum a taro shi ma magana ce, kuma na'urar ba ta san wace ce ake so ba. Makirufon da aka maƙala a ƙirjin mai magana kuwa yana share asarar tazarar ne ɗungurungum.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kaina ita ce ta ƙirƙirarriyar basira. A 2013 Eric Healy da DeLiang Wang a jami'ar jihar Ohio suka nuna cewa kwamfutar da aka horar da ɗimbin misalai tana iya tsame magana daga hayaniya har fahimtar masu raunin ji ta ɗagu ƙwarai, abin da tsofaffin dabaru suka kasa. Yanzu irin wannan lissafi ya fara shiga na'urorin kasuwa. To, me zai sa a wahalar da masu gini da malamai, tunda kunne zai iya yi wa kansa? Ina fatan wannan fasaha ta kai inda ake hasashe, amma abu biyu sun rage. Na farko, raba murya da ƙarar fanka ko ta mota daban yake da zaɓar murya ɗaya cikin biyar masu ƙarfi ɗaya. A nan dole na'ura ta yi hasashen wanda mai ita ke son ji, kuma in ta yi kuskure ta shafe masa wanda yake sauraro, ko ta ɓoye masa mai kiransa daga baya. Na biyu, duk wayon lissafi yana aiki ne da abin da ya iso makirufo. Baƙin da ya riga ya nutse a amsa-kuwwa kafin ya iso, sai dai a yi cankensa, kuma na'urar da ke cankar abin da likita ko alƙali ya faɗa ba abin dogaro ba ce. Hatta sabon tsarin Bluetooth mai suna Auracast, wanda aka sanar a 2022, tunanin Poliakoff ne a sabuwar riga: a ɗauki murya daga tushenta a watsa ta kai tsaye zuwa kunnuwa. Shi ma ba ya aiki sai mai zaure ya sayi na'urar watsawa ya kunna ta.

Akwai wata hujjar da ta fito daga bakin masu raunin jin kansu, don haka ta fi cancantar a saurare ta. Suna cewa miƙa wa mutum makirufo ya rataya tallata rauni ne, roƙo ne da ake maimaitawa a kowane zama, kuma yana aiki ne a lacca, inda mutum ɗaya ke magana, ba a hirar zaure ba, inda zance ke tsalle daga baki zuwa baki. Rabin na biyu gaskiya ne, ko da yake an samu sassauci da makirufon tebur da ke juyawa wajen mai magana da kuma haɗa makirufo da yawa a kan layi ɗaya. Rabin na farko kuwa, a ganina, yana ƙarfafa maganata ne. Abin yana zama roƙo ne idan an bar shi a wuyan mutum ɗaya. A zauren da aka riga aka girka zoben waya aka manna alamarsa a ƙofa, babu wanda ke roƙon komai, mutum yana danna maɓallinsa ne ba wanda ya sani. A ajin da malami ya saba rataya makirufo kowace safiya, yaron bai zama abin nuni ba. Sha'awar ɓoye na'ura, wadda ta faro tun daga kujerar sarkin Fotugal, ita ce ma ta sa aka riƙa cire naɗin wayar daga ƙananan samfura don a samu wuri, sai mutum ya sayi na'ura mafi tsada wadda ba ta iya kama zoben da ke kewaye da shi. Akwai kuma kurame masu yaren hannu da ke cewa duk wannan fafutuka ta masu ji ce, su harshensu ba ruwansa da hayaniya. Suna da gaskiya game da harshensu, kuma bai kamata a hana yaro kurma maganar hannu da sunan dashe ba. Amma mafi yawan masu raunin ji sun gamu da shi ne bayan sun girma da harshen baki, a cikinsa suka yi aure suka yi sana'a, kuma abin da suke nema shi ne su ci gaba da zama cikin hirar gidajensu.

Saura batun kuɗi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 430 suna da raunin jin da ke buƙatar kulawa, kuma kashi 17 cikin 100 kacal na waɗanda na'ura za ta amfana ne suke amfani da ita. Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya cewa zancen zoben waya da makirufon malami na waɗanda suka ƙoshi ne, tunda a nan na'urar ma ba ta samu ba, ga kuma sanƙarau, wanda ke addabar yankin da ya tashi daga Senegal zuwa Habasha, yana barin yara da yawa da kurmanci bayan sun tsira da rai. Ni ina ganin a irin wannan wuri ne darasin tarihin ya fi amfani, domin ɓangaren da ya fi arha shi ne wanda ba a cikin kunne yake ba. Dashe tiyata ce mai tsadar gaske da ke buƙatar shekaru na saiti da horo, na'urar ƙara ji kuma tana cin batir tana neman gyara, kuma kowannensu mutum ɗaya yake yi wa aiki. Aji mai rufin kwano ba silin, da daɓen siminti da bango tsirara, yana cutar da kowane yaro a cikinsa, har da wanda ruwa ya taru masa a kunne bayan mura ba wanda ya sani, da wanda ake koyar da shi da harshen da ba na gidansu ba. Sanya silin mai shan sauti, shimfiɗa tabarmi, rataya labule mai kauri, matsar da janareta nesa da taga, zaunar da yaro mai raunin ji a sahun gaba inda haske ke faɗa wa fuskar malami, da malamin da ya daina magana yana fuskantar allo, duk suna ƙara wa muryarsa rinjaye a kan hayaniya da irin desibel ɗin da kamfanoni suka shafe shekaru suna nema a cikin na'ura. A masallatai da zaurukan taro kuwa makirufo ya riga ya kasance a bakin mai magana, an riga an yi rabin aikin. Abin da ake yawan yi shi ne a ƙure ƙarar lasifika biyu manya har sautin ya fashe ya cika ginin da amsa-kuwwa, alhali ƙananan lasifikoki da yawa, a rarrabe kusa da sahu-sahu kuma a ƙarar da ta dace, su ne za su kai kalmomin limami ga dattijon da ke sahun baya.